Na'ura ba ta kori malamin zane ba

An daɗe ana cewa darasin zane na ɗaliban da suka kasa lissafi ne. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta mai kwaikwayon tunanin ɗan Adam, ke fitar da hoto cikin daƙiƙoƙi, wasu sun ƙara da cewa a rufe ajin kawai. Wannan kuskure ne, kuma yana damuna.

Irin wannan fargabar ta taso bayan fitowar kyamara a Faransa a 1839, amma zane bai mutu ba. Manhajojin yau kuwa daga miliyoyin hotunan da mutane suka yi suke koyo. Abin da bai yawaita a intanet ba, suna yawan kuskure a kansa. Ka nemi manhaja ta zana maka dagi a jikin soro, ko aska takwas a babbar riga, sai mai ido ne zai gane inda ta karkace, ya gyara.

A aji ake samun wannan idon. Fitattun masu zane na Najeriya, Bruce Onobrakpeya da Uche Okeke, a Zariya suka yi karatun zane, kuma suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane ta can a 1958. Masu ɗinki, magina da masu shirya fim duk suna neman irin waɗannan ɗalibai, kuma sana'o'in nan suna ciyar da gidaje da yawa.