Laftop Don Zanen Injiniya: Tambayoyin Da Ake Yi Mini Kafin A Shiga Kasuwar Banex

Duk shekara sai ɗalibai da 'yan hidimar ƙasa da ake turo mana ofis a nan Abuja sun tare ni: "Injiniya, wace laftop zan saya?" Kuɗin da za su kashe galibi iyaye ne suka ƙuƙuta suka haɗa, shi ya sa nake zama in ba su amsa a tsanake.

Ta ina zan fara?

Fara da sunan manhajar da za ka yi aiki da ita. Mai zanen fulan ɗin gida a AutoCAD, layi da ma'auni kawai, ba ya buƙatar abin da mai Revit ko SolidWorks yake buƙata, domin su suna gina abu ne mai tsawo da faɗi da zurfi, kuma kwamfuta ce ke lissafa kowace kusurwa idan ka juya shi. Injiniyan gine-gine zai haɗu da ETABS ko STAAD.Pro, na kanikanci da SolidWorks da ANSYS, na lantarki da MATLAB. Ka tambayi na gaba da kai a sashenku, ka rubuta manhajojin a takarda, sannan ka duba abin da kamfanin kowacce ya ce tana buƙata.

Mai shago ya ce Core i7 ce. Ba shi ke nan ba?

A nan ne mutane suka fi yin asara, kuma abin yana damuna. Core i7 sunan dangi ne, akwai kaka akwai jika a cikinsa. Ka duba cikakkiyar lambar firosesa, wato na'urar da ke yi wa kwamfuta lissafi, musamman harafin ƙarshe. Mai U an yi ta ne don ta tsimi batir, wat 15 take ci, ta dace da aikin ofis. Mai H kuwa wat 45 ce, an yi ta don aiki mai nauyi. Misali i7-8650U ƙwaƙwalwa (core) huɗu gare ta a cikinta, i7-8750H kuma shida, alhali tsara ɗaya ne. I7-6600U da ta cika kasuwar kwamfutocin hannu kuwa, ƙwaƙwalwa biyu kacal gare ta. Core i5 mai H ta sabon tsara ta fi waɗannan tsofaffin nesa ba kusa ba, haka ma Ryzen 5 ko 7 mai H.

A Core i5 da i7, lambar farko ita ke nuna tsara, amma daga tsara na 10 lambobi biyu na farko ne. Kada ka sayi ƙasa da tsara na 8, domin daga nan Windows 11 ta fara karɓa, kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Akwai wani abu da masu shago ba su cika faɗa ba. Zane da gyara siffa a AutoCAD ko SolidWorks kusan ƙwaƙwalwa ɗaya suke ɗora wa aiki, saboda haka saurinta ya fi yawansu muhimmanci. Yawan yana amfani ne lokacin da ka ba kwamfuta lissafin ƙarfin gini ko fitar da hoton ƙarshe.

RAM nawa, ma'ajiya wace iri?

A RAM, inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, gigabait 16 shi ne mafari. Da 8 AutoCAD za ta buɗe, amma da zarar ka loda babban aiki a Revit za ka fara zaman jira. Mai ANSYS ya nemi 32. Idan kuɗi ya gaza, sayi wadda ake iya ƙara mata RAM daga baya, domin siraran laftop da yawa an liƙe nasu a jikin allon ciki. Ma'ajiya kuwa SSD, wato irin mai sauri, aƙalla gigabait 512.

Dole sai da katin hoto na daban?

Don zanen fulan, a'a. Don SolidWorks, Revit ko fitar da hoton gini, eh. Wannan kati shi ke sarrafa hoton da kake gani a allo, kuma iri biyu ne daga kamfanin NVIDIA: GeForce na masu wasan gem, da wanda a da ake kira Quadro, daga baya aka koma kiransa RTX A, wanda kamfanonin manhajar zane suke gwadawa su amince da shi. Na biyun ne ke cikin Dell Precision da HP ZBook da Lenovo ThinkPad P. A ra'ayina ɗalibi bai kamata ya takura kansa ba: GeForce RTX 3050 ko abin da ya fi shi zai kai shi har kammala karatu. Wanda zai ci abinci da SolidWorks kullum, shi ne ya kamata ya nemi na ƙwararru.

MacBook fa?

Kyakkyawa ce, batirinta na daɗewa, amma SolidWorks da Revit a Windows kaɗai suke aiki. AutoCAD da MATLAB suna da na Mac. Koma kan takardar da ka rubuta.

Ta hannu ko sabuwa?

Precision ko ZBook ta hannu mai lafiya ta fi sabuwar laftop ɗin ofis mai kuɗi ɗaya. Sai dai ka je Banex a Wuse 2 da wanda ya san kan abin, kuma kada ka yi sauri. Ka kunna ta ka karanta lambar firosesa da katin hoto daga cikin Windows, kada ka dogara da sitika. Ka buɗe Command Prompt na Windows ka rubuta powercfg /batteryreport ka ga abin da ya rage na batir. Ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Ka ba ta aiki mai nauyi na minti ashirin kana sauraren fanka, kana taɓa ƙasanta. Ka karɓi rasit mai lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti.

Yaya batun wuta da zafi?

Laftop mai ƙarfi cajarta kan kai wat 130 zuwa 230, kuma idan ba a jone take ba tana rage gudu da kanta. Mai ƙaramar inbata ko sola ya yi wannan lissafin tun kafin ya biya kuɗi, kuma ya nace a ba shi caja ta asali. Zafin Maris da Afrilu a Abuja yana sa firosesa ta sassauta don kada ta ƙone, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma. Ka ɗaga bayanta iska ta ratsa, kuma idan hunturu ya wuce ka kai a buɗe a share ta.

Manhajar fa, sai na saya?

Autodesk, mai AutoCAD da Revit, tana ba ɗalibai lasisi kyauta na shekara guda, ana sabuntawa muddin kana makaranta, da shaidar ɗalibtarka. Ka yi amfani da shi maimakon na sata da ake loda wa mutane a shago, wanda kan zo da ƙwayar cuta. Daga cikin canjin da ya rage ka sayi maus mai taya, domin da tayar ake matso da zane da juya shi.