Ɗaurin ƙwaron fatsa

Ɗaurin ƙwaron fatsa sana'a ce ta naɗa zare da gashin tsuntsu da na dabba a jikin ƙugiya, har ta yi kama da abin da kifi yake ci: ƙwaro, ko tsutsa, ko ɗan ƙaramin kifi, ko ƙaguwa. Masuntan Kano sun saba da tana ko gara ko fara a bakin ƙugiya, abin da yake da wari kuma yake motsi da kansa. Ƙwaron ɗauri ba shi da wari ko ɗanɗano. Galibi da ido yake yaudarar kifi, saboda haka dole mai ɗauri ya san abin da kifin yake ci, da girmansa, da launinsa, da irin motsinsa a ruwa.

Ƙwaron ba shi da nauyin da za a iya wurga shi da kansa. Shi ya sa wannan nau'in fatsa yake da igiya ta musamman mai kauri, wadda nauyinta ne yake ɗaukar ƙwaron ya kai shi inda ake so.

Tarihi

Wajen shekara ta 200 miladiyya, wani marubucin Rum mai suna Claudius Aelianus ya ba da labarin masuntan Masidoniya da suke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin zakara guda biyu, su kama kifi da shi. A Ingila, wani littafin kamun kifi da aka buga a 1496, wanda ake jingina wa Juliana Berners, ya kawo ƙwari goma sha biyu da watannin da ake amfani da kowanne. Japan ma tana da tata tsohuwar hanyar, tenkara, wadda mazauna duwatsu suke yi da doguwar sanda da igiya kaɗai.

A ƙarni na 19 Turawan Birtaniya suka mayar da ƙwaron kama salmon, wani babban kifi na ƙasashen sanyi, abin ado da gasa. Ƙwaro ɗaya yakan ci gashin tsuntsaye masu yawa da aka kwaso daga Indiya da Kudancin Amurka, alhali kifin bai damu da wannan ƙawa ba. Kwaɗayin bai mutu ba har yau: a 2009 wani ɗalibin kiɗa Ba'amurke, Edwin Rist, ya fasa gidan tarihin halittu na Tring a Ingila ya sace fatun tsuntsaye 299 don sayar wa masu ɗauri. Yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, da ta fara aiki a 1975, ta taƙaita cinikin da yawa daga cikin irin waɗannan tsuntsaye.

Kayan aiki da yadda ake ɗauri

Kayan ba su da yawa: ɗan mamatsin ƙarfe da yake riƙe ƙugiya, mariƙin zare, almakashi mai tsini, hantsaki, allura, da gam. Lambar ƙugiya a juye take, wato lamba 18 ta fi lamba 8 ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Manyan kuwa da 1/0 suke farawa, sai 2/0, suna ƙara girma.

Ana fara naɗa zare daga bayan idon ƙugiya zuwa lanƙwasarta don a yi shimfiɗa. Sai a ɗaura wutsiya, a gina jiki ana dawowa gaba, a sa fuka-fuki, sannan a kawo siririn gashin wuyan zakara a kewaya ƙugiyar da shi kamar naɗin rawani, har silin gashin su miƙe su zama ƙafafu. A ƙarshe a ƙulle zaren a kai, a ɗiga gam. Inda sabon hannu yake faɗuwa shi ne cika kaya. Yana ganin yawan gashi shi ne kyau, sai ƙwaron ya cushe, ya toshe bakin ƙugiya, ya daina motsi. Ƙwararru da ƙyashi suke sa gashi.

Na ruwan daɗi da na teku

A koguna da tafkuna akwai ƙwaron da yake yawo a saman ruwa bisa gashinsa mai tauri, irin su ƙwaro mai suna Adams, wanda Leonard Halladay ya fara ɗaurawa a jihar Michigan ta Amurka a 1922. Akwai mai nitsewa da yake kwaikwayon tsutsar ƙwaro, wanda ake ƙara masa nauyi da wayar tagulla ko darma. Wannan ne ya fi kamu, domin kifi a ƙarƙashin ruwa yake samun yawancin abincinsa. Akwai kuma dogo mai kama da ɗan kifi, wanda ake fizga da igiya.

A teku babu ƙwari sosai, don haka ana kwaikwayon ƙananan kifaye da jatan lande da ƙaguwa. Gishiri yana cin ƙarfe, dole ƙugiya ta zama wadda ba ta tsatsa, zaren kuma mai ƙarfi. Wani Ba'amurke, Lefty Kreh, ya ƙirƙiri ƙwaro mai suna Lefty's Deceiver a ƙarshen shekarun 1950, har Amurka ta sa hoton ƙwaron a kan sarki a 1991. Bob Clouser kuwa a 1987 ya ɗaura idanun darma a bayan ƙugiya, nauyin ya sa tsininta yana kallon sama, ba ta saurin maƙalewa a ƙasa. Don kogin Susquehanna na Amurka ya yi wannan ƙwaro, amma yanzu har a teku ana kamu da shi.

A Afirka da Kano

Kenya ce cibiyar wannan sana'a a Afirka. Turawan mulki sun kai tirawut, wani kifin ruwan sanyi, kogunanta a farkon ƙarni na 20, yanzu kuma dubban hannaye suna ɗaura ƙwari ana fitar da su Turai da Amurka. A kogin Faro na Kamaru, wanda yake zuba a Binuwai, masu yawon buɗe ido suna kama giwan ruwa da tsage da manyan ƙwarin ɗauri.

A Kano kamun kifi da taru da birgi da mali da mamari aka san shi, a madatsun Tiga da Bagauda da Challawa. Amma kayan ɗauri suna nan birjik. Gashin zabo mai ɗigo-ɗigo, wanda Turawa suke saya a ƙulle cikin leda, zubar da shi ake yi a wurin masu fige kaji. Gashin jimina da na ɗawisu da wutsiyar maraƙi duk suna cikin kayan da masu ɗauri suka daɗe suna amfani da su, zare kuwa sai wanda ka zaɓa a Kantin Kwari ko Kurmi.

Abin da zai hana a kwafo tsarin Turawa yadda yake shi ne ruwan da kifin. Da damina ruwanmu yakan yi jawur da laka, tarwaɗa kuma da gashin bakinta take lalubar abinci fiye da ido, saboda haka ƙwaro mai duhu da kauri, wanda yake tura ruwa idan an ja shi, ya fi dacewa da ita. Karfasa takan ɗauki ƙaramin ƙwaro a bakin ciyawa idan ruwa ya kwanta ya washe. Ranar da shinge ya tashi bayan ruwan farko, kifaye da yawa suna hawowa sama su ci, kuma ƙwaro mai jiki ruwan ƙasa da fuka-fuki farare ya isa ya kwaikwaye shi. Tsage kuwa haƙoransa suna datse igiyar roba nan take, sai an haɗa ƙugiyar da guntuwar waya.