Koyon nazarin bayanai da Python: abin da matasan Kano ke yawan tambaya

Wai shin mene ne Python ɗin nan?

Yare ne da ake ba kwamfuta umarni da shi. Wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ne ya fitar da shi a 1991, kuma kyauta ne. Masu nazarin bayanai sun rungume shi saboda kayan aikin da aka riga aka tanada, musamman Pandas na sarrafa jadawali da Matplotlib na zana sakamako.

To Excel, manhajar nan ta jadawalin lissafi, bai isa ba?

Ya isa, in lissafin shago ɗaya ne. Amma shafinsa ba ya wuce layi 1,048,576. Sannan aikin da kake maimaitawa duk ƙarshen wata, a Python sau ɗaya za ka rubuta shi.

Ba ni da babbar kwamfuta, in haƙura?

A'a. Google Colab yana ba ka damar rubuta Python ta intanet ba tare da ka girka komai ba. Tsohuwar kwamfuta ta hannu ma ta wadatar, in dai batirinta na riƙe caji, don ka san halin wutarmu. Waya kuwa tana buɗe Colab ɗin, sai dai yatsunka za su gaya maka.

Sai na ƙware a lissafi?

Don farawa, matsakaici da kaso cikin ɗari sun isa. Sauran ka koya in buƙata ta taso.

Ina wahalar take ke nan?

Wajen wanke bayanai, wato gyara kurakuransu da daidaita su, kuma nan ne da yawa ke sarewa. Ɗauki littafin cinikin wani shago a Kantin Kwari. Yaron shago ya rubuta "shadda", gobe "Shadda", jibi "shada". Kai ka san abu ɗaya ne, kwamfuta kuwa kaya uku take gani. A wajen kuɗi wani layin "5,000", wani "5k", wani "dubu biyar". Ga ranar da aka manta ba a sa kwanan wata ba, ga bashin da Alhaji ya ce a rubuta a bayan littafi. Kafin ka gano ko atamfa ta fi fita gab da Sallah, sai ka daidaita duk wannan. A ganina, wanda ya iya wannan gyaran ya fi mai tarin satifiket amfani.

Ina zan samu bayanan gwaji?

Shafin intanet na Kaggle na da su jingim. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ma tana fitar da farashin kayan abinci. Amma na fi son ka tara naka: farashin buhun masara da gero a Dawanau, duk mako, tsawon wata uku. In kwamfuta ta ce gero ya faɗi alhali jiya ka ji ya tashi, nan take za ka san akwai layin da ka shigar ba daidai ba.