Karin Sauti a Harshen Hausa

Karin sauti shi ne hawa da saukar murya a kan gaɓoɓin kalma, ta yadda sauya shi yakan sauya ma'anar kalmar ko aikinta a cikin jimla. Yana samuwa ne daga saurin karkarwar tantanin maƙwallato: idan karkarwar ta yi sauri sai murya ta hau, idan ta ragu sai ta sauka. Hausa tana cikin harsuna masu kari, kamar Yarbanci da Ibo da galibin harsunan Afirka ta Yamma, saɓanin Larabci da Ingilishi waɗanda suke dogara da ƙarfafa wata gaɓa a cikin kalma.

Ire-irensa

Hausa tana da kari biyu na asali, karin sama da karin ƙasa, sai na uku da ake kira faɗau, wanda haɗuwar sama da ƙasa ce a kan gaɓa ɗaya. Faɗau ba ya sauka sai a kan gaɓa mai nauyi, wato wadda take da dogon wasali, ko tagwan wasali, ko wadda ta ƙare da baƙi. Kishiyarsa, wato tashi daga ƙasa zuwa sama a gaɓa guda, ba ya cikin tsarin daidaitacciyar Hausa. A littattafan nazari akan bar karin sama ba alama, a ɗora ƴar karan da ta karkata hagu a kan na ƙasa, a yi wa faɗau ƴar hula, sannan a ninka wasali don nuna tsawonsa. Da wannan ne ake bambanta wuyàa na jiki da wùyaa ta wahala, da kuukaa na hawaye da kuukàa ta miya, da kai na wanda ake yi wa magana da kâi na bisa wuya. Abin da ake rubutawa "fari" kuwa kalmomi huɗu ne: farii na launi, farìi na rashin ruwan sama, faarìi na somawa, da fàarii jam'in fara mai cin amfanin gona.

Aikinsa a nahawu

Irin waɗannan tagwayen kalmomi su ne aka fi kawowa a aji, amma ba a nan nauyin kari yake ba, domin ba su da yawa, kuma muhallin magana yakan raba gardama tun kafin a rikice. Babban aikinsa yana cikin nahawu. Jimlar da ake rubutawa "ya zo" tana iya zama yaa zoo, labarin abin da ya riga ya faru. Ko yà zoo, umarni ko fata. Ko yâa zoo, tsammanin zai zo. Ko kuma ya zoo, kamar a cikin "shi ne ya zo". Haka madanganci, wato -n mai nuna abin da aka riga aka ambata, yake rabuwa da mahaɗi, wato -n mai haɗa suna da suna: a jàakin Audù gaɓar ƙarshe ta jaki tana sama, amma a jàakîn, wato jakin da aka riga aka ambata, faɗau ce. Kowane nau'in jam'i ma yana zuwa da nasa karin, ya shafe na tilo. Motoci da tagogi sama ne tun daga farko har ƙarshe, alhali màalàmai yana farawa ƙasa ya ƙare sama, duk da cewa maalàmii da sama yake farawa.

Akwai kuma "ne" da "ce", waɗanda ba su da tsayayyen kari, sai dai su ɗauki kishiyar na gaɓar da ta gabace su, shi ya sa ake cewa yaaròo nee amma jàakii nèe. Yaro ɗan shekara biyar yana bin wannan doka ba kuskure, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa.

A doguwar jimlar bayani murya tana gangarowa sannu a hankali, domin duk karin saman da ya biyo bayan na ƙasa ba ya kai tsayin wanda ya gabace shi. A jimlar tambaya gangarowar takan ragu, sannan a ɗaga karin sama na ƙarshe.

Rubutu da nazari

Boko ba ya nuna kari ko tsawon wasali, ajami kuwa yana nuna tsawon amma ba ya nuna karin. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949 sun sanya wa kalmomi alamar kari, kuma har yau manazarta suna komawa gare su. A 1971 William Leben ya kawo dokar da ke cewa kalmar da za ta ƙare da karin ƙasa biyu a jere, wasalin ƙarshe kuma dogo, sai gaɓar ƙarshen ta koma sama; a 1989 Paul Newman da Philip Jaggar suka ƙalubalance ta da misalan da ba su bi ta ba, ciki har da kalmomin aro. A fagen waƙa, ma'aunin baiti yana bin nauyin gaɓa ne, amma Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna cewa wasu marubuta suna daidaita karin ƙarshen layukansu, abin da ake kira amsa-amon kari.

Koyar da shi a Legas

Ƴaƴan Hausawan Agege da Idi-Araba da Obalende suna cikin wani hali da takwarorinsu na Kano ba sa ciki. Tun bayan dokar da Jihar Legas ta kafa a 2018 ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, sukan fara sanin kari a matsayin darasi ta harshen maƙwabtansu, inda ake rera shi da do, re, mi, ana kuma rubuta shi a kan wasula. Yarbanci yana da kari uku, sama da tsakiya da ƙasa, kuma da su ake raba ọkọ miji da ọkọ́ fartanya da ọkọ̀ abin hawa. Yaron da ya ƙware a wannan sau da yawa bai san cewa harshen gidansu ma yana da irinsa ba, tunda bai taɓa ganin alama a kan rubutun Hausa ba. Malamin da ya lura zai iya cin moriyar wannan, ya sa ɗalibai su furta kalma baki rufe, ko da fito, har su ji hawa da saukarta, sannan su gwada ta da kalmar aro kamar àshaanaa, wadda ta shigo daga ìṣáná da karinta cif. Kalangun mahauta ma abin koyarwa ne, domin matse tsarkiyarsa da sassauta ta shi ke ba makaɗi damar kwaikwayon karin kirari, kamar yadda gangan ɗin Yarabawa yake yi.

Ga Bayaraben da yake koyon Hausa don ciniki a kasuwar Mile 12, kari ba shi ne babbar matsala ba, tunda kunnensa ya saba da shi. Inda ya fi shan wuya shi ne tsawon wasali, da baƙaƙe masu ƙugiya ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ninkin baƙi irin wanda ya raba kulle da kule, domin waɗannan baƙaƙe da ninkin baƙi babu su a tsarin sautin harshensa.