Tara Gudummawa Domin Masu Sankarar Jini a Zangon Kumasi: Tambayoyi da Amsoshi

A unguwannin Zango na Kumasi a Ghana, daga Aboabo da Asawase har Alabar da Tafo, ba a rasa jin sanarwar neman taimako ga wani mara lafiya, ko bayan sallar Juma'a ko a zaurukan WhatsApp. Jama'armu ba su da rowa a irin wannan lokaci. Abin da ke damuna shi ne gudummawar takan taru a mako guda ta ƙare a wata guda, alhali jinyar sankarar jini, wadda wasu ke kira kansar jini, tana iya ɗaukar shekaru. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi duk lokacin da irin wannan sanarwa ta fito.

Mece ce sankarar jini? Ita ce sikila da muka saba ji?

Ba ita ba ce. Sikila gadonta ake yi daga uwa da uba, kuma da ita ake haihuwar yaro. Sankarar jini kuwa tana tasowa ne idan wasu ƙwayoyin jini suka lalace, suka riƙa hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har suka danne masu lafiya. A cikin ɓargo ake samar da jini, wato jajayen ƙwayoyi masu kai iska ga gaɓoɓi, da farare masu yaƙar cuta, da wasu ƙanana masu daskarar da jini idan an ji rauni. Manyan nau'o'in cutar uku ne: lukimiya, wadda ke farawa a ɓargo; limfoma, wadda takan bayyana da kaluluwa marar ciwo a wuya ko hammata; da mayaloma, wadda ta fi kama dattawa, tana cin ƙashi tana taɓa ƙoda.

Alamominta na farko suna da ruɗarwa, domin sun yi kama da na maleriya: zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da kasala, da tafin hannu ya yi fari saboda ƙarancin jini. Idan aka ga haɓo ko jini daga dasashi, ko ciwon ƙashi, ko rama, ko an yi wa yaro ƙarin jini ba a daɗe ba ya sake ƙarewa, to a nemi a tura shi babban asibiti. Akwai wani nau'in limfoma da ke yawan kama yara a ƙasashen da maleriya ta yi katutu, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, kuma yakan kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni. Ba a ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu ta hanyar cin abinci tare ko gaisawa.

Ana warkewa kuwa, ko kuɗin jama'a ne zai tafi a banza?

Wannan tambaya ba a cika yin ta a fili ba, amma tana zukatan mutane da yawa, kuma ita ke sa wasu janye hannu. Amsar ita ce ana warkewa, musamman yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, yayin da a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi adadin bai kai kashi 30 ba. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin ɗaga adadin zuwa aƙalla kashi 60 nan da 2030, kuma Ghana na cikin ƙasashen da aka fara da su.

Cutar iri ɗaya ce a nan da can, kuma da yawa daga cikin magungunan tsofaffi ne da aka daɗe da sani. Manyan dalilan wannan tazara su ne zuwa asibiti a makare da kuma yanke jinya a tsakiya. Lukimiyar da ta fi kama yara tana buƙatar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, na shekara biyu zuwa uku. Bayan watan farko yaro yakan tashi, ya ci abinci, ya yi wasa, sai iyaye su ga kamar an gama, ga kuma aljihu ya bushe, su daina zuwa. Lalatattun ƙwayoyin da suka rage su sake yaɗuwa, kuma idan cutar ta dawo ta fi wuyar magani nesa ba kusa ba. A nan ne gudummawar jama'a take raba rai da mutuwa, da yardar Allah, domin kuɗin motar da zai kai yaro asibiti a wata na goma sha huɗu yana da nauyi daidai da maganin makon farko.

Ga manya kuma, akwai wata lukimiya mai tafiya a hankali wadda ƙwayar magani mai suna imatinib, da ta fito a 2001, take riƙe ta shekara da shekaru, mutum yana sana'arsa, muddin bai daina sha ba. Mayaloma ba a cika warkewa daga ita gaba ɗaya ba, amma magani na ƙara kwana da rage raɗaɗi. Ko wanda likitoci suka ce cutarsa ta yi nisa yana da haƙƙin maganin ciwo da kulawa, kuma kuɗin da aka kashe a kan haka bai tafi a banza ba.

Ba an ce inshorar lafiya na biyan jinyar yara ba? Me za a yi da kuɗin kuma?

Gaskiya ne cewa a ƙarshen 2021 aka sanar da shigar da sankarar yara guda huɗu cikin tsarin inshorar lafiya na ƙasa, kuma biyu daga ciki na jini ne: lukimiyar da ta fi kama yara da limfomar Burkitt. Saboda haka aikin farko na duk mai son taimako shi ne ya tabbatar katin yaron da na mai jinyarsa ba su mutu ba, kuma ana sabunta su ta waya da lambar *929#. A 2025 gwamnati ta kafa asusun tallafin jinya da ake kira MahamaCares domin cututtuka masu tsadar magani irin su sankara da ciwon ƙoda, don haka ya kamata iyali su tambayi ofishin jin daɗin jama'a na asibiti yadda ake nema.

Duk da haka inshora ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da uwar da ke kwana gefen gado, ba ta mayar da cinikin da ta rasa a kasuwar Kejetia ko ta Asawase. Wasu gwaje-gwajen sai an fita wajen asibiti, wani lokaci kuma magani kan yanke a saya a kanti. Babba mai lukimiya ko mayaloma yakan biya mafi yawan kuɗin maganinsa daga aljihu, kuma sau da yawa shi ne mai ciyar da gidan.

Wane irin tsarin tara kuɗi ya fi dacewa?

Wanda zai ɗore. Tara kuɗin masallaci na rana ɗaya yana da amfani a farkon jinya, lokacin da gwaje-gwaje da kwanciya suka haɗu, amma bayansa sai a koma ga abin da iyayenmu mata suka ƙware a kai, wato zubi irin na adashi ko susu. A misali, idan gidaje 60 suka ɗauki alkawarin sidi 20 kowane wata, an samu sidi 1,200 da iyali za su iya dogara da shi su tsara zuwansu asibiti, kuma babu gidan da ya ji nauyi.

Kafin a yi sanarwa, wakilin iyali ya zauna da likita ko ma'aikacin jinya ya ji tsawon maganin da kimanin abin da zai ci, domin a san abin da ake nema. A naɗa mutum uku masu amana, ɗaya daga dangi, ɗaya daga masallaci ko ƙungiyar unguwa, kuma lallai a samu mace a cikinsu, tun da mata ne suka fi sanin abin da ake kashewa a ɗakin jinya. Lambar momo, wato ta tura kuɗi ta waya, ta zama guda ɗaya tak. A rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita a littafi, a adana rasit, a karanta lissafin ga masu bayarwa ƙarshen kowane wata. Wasu na ganin neman lissafi rashin yarda ne da mutum. Ni ina ganin lissafi kariya ne ga mai riƙe kuɗin kansa, domin zargi guda ɗaya ya isa ya rufe hannun jama'a ga mara lafiya na gaba, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

'Yan'uwanmu da ke Jamus da Italiya da Amurka su ma a sa su cikin zubin wata-wata maimakon a tashe su da waya duk lokacin da abu ya ƙure.

Yaya mutum zai bambanta sanarwar gaskiya da ta 'yan damfara?

Sanarwar gaskiya tana da asali: akwai limami ko sarkin unguwa ko ƙungiya da ta san gidan, kuma ana iya zuwa a gani. Kafin ka tabbatar da tura kuɗi ta momo, sunan mai lambar yana fitowa, sai ka duba ko ya dace da wanda aka sanar. Saƙon da aka yi ta turawa babu kwanan wata, babu unguwa, sai hoto da lamba, a tsaya a bincika kafin a bayar ko a ƙara turawa, domin wani ma tsohon saƙo ne da aka sauya wa lamba.

Ya halatta a ba da zakka ga mai wannan ciwo?

Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas na masu cin zakka, kuma a cikinsu akwai faƙirai da miskinai da waɗanda bashi ya danne. Rashin lafiya kaɗai ba ya cikin takwas ɗin, amma gidan da jinya ta cinye jarinsa ta bar shi da bashi ya shiga ta waɗannan ƙofofi. Ya kyautu kwamiti ya ware kuɗin zakka da na sadaka a littafi, domin sadaka ta fi faɗi, tana isa ga maƙwabci ko wane addini yake bi, zakka kuwa tana da sharuɗɗa da za a koma ga malaman unguwa a kansu.

Me ya sa kullum ake cewa a kawo masu ba da jini?

Saboda cutar da maganinta duka suna danne ɓargo, mara lafiya yakan buƙaci ƙarin jini sau da yawa, kuma kuɗi ba ya ƙera jini. Ƙwayoyin daskarar da jini ma kwana biyar kacal suke yi bayan an ɗiba, shi ya sa ba a iya tara su a ajiye. A Ghana mai lafiya daga shekara 17 zuwa 60, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa duk bayan wata huɗu. Abin da ake ɗiba kusan mililita 450 ne, jiki yana mayar da shi, kuma ba ya rage ƙarfin namiji ko hana haihuwa kamar yadda ake raɗe-raɗi. Ana auna jinin mai bayarwa tukuna, wanda bai isa ba a ce ya haƙura.

Ɗaliban sakandare suna cikin manyan masu ba da jini a ƙasar nan, don haka ma'ajiyar jini takan ragu lokacin hutun makaranta. Ƙungiyoyin samarin Zango za su iya cike wannan giɓi idan suka yi rajistar 'yan sa-kai, suka riƙa zuwa asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, a kai a kai ba sai an kira su cikin dare ba. Watan Sha'aban lokaci ne mai kyau na shirya irin wannan fita kafin azumi ya kama.

Dole ne a yaɗa hoton mara lafiya kafin jama'a su taimaka?

Ba dole ba ne. Babba shi zai ba da izini da bakinsa, yaro kuma iyayensa, kuma ko da izini a rufe masa jiki. Yarinyar da aka yaɗa hotonta tana kwance gashi ya zube za ta warke, ta koma makaranta, ta kai munzalin aure, hoton kuwa yana nan a wayoyin mutane. Shaidar limami da takardar asibiti da kwamiti ya gani sun wadatar.

Wanda ba shi da kuɗi fa, da me zai taimaka?

Aikin da ba na kuɗi ba ya fi yawa. Ana turo marasa lafiya Kumasi daga garuruwan arewa masu nisa, kuma ɗaki guda a Zango da mai jinya za ta yi wanka ta huta yana iya zama dalilin da ya sa ba su tattara sun koma gida ba. Wata ta ɗauki girkin rana, wata ta kula da sauran yaran gidan, wani ya tsare rumfar kasuwa, mai mota ya riƙe ranakun asibiti. A wajen dubiya kuma a yi hattara: mai shan kemo garkuwar jikinsa ta yi rauni, saboda haka mai mura ko tari ya aiko da gaisuwa, masu shiga su wanke hannu, kada a cika ɗaki. Idan zazzaɓi ya kama shi, zafin jiki ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne, kuma ya kamata a san tun da wuri wanda za a buga wa ya kawo mota.

Addu'a da sauka ba su hana magani. Amma masu dubiya su daina kawo jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin da ba likita ya rubuta ba, domin wasunsu na wahalar da hanta da ƙoda waɗanda dama suna ɗauke da nauyin kemo.

Idan kuɗi ya rage bayan an warke, ko Allah Ya yi wa mara lafiya rasuwa, yaya za a yi da shi?

A yanke wannan tun ranar da aka buɗe littafi, a faɗa wa masu bayarwa. Da farko a biya bashin da jinya ta bari, na asibiti da na mutane. Wanda ya warke yana da sauran zuwa ganin likita na shekaru, don haka a ware masa kuɗin wannan. Abin da ya saura, idan an sanar tun farko, ko a miƙa wa iyalin ko a mayar da shi tushen asusun unguwa domin mara lafiya na gaba, sannan a karanta lissafin ƙarshe a gaban mutanen da aka nemi taimakonsu.