Shin alƙalan Indiya sun hana majalisa gyara tsarin mulki?

Duk sanda aka tayar da batun gyaran tsarin mulki, sai ka ji masu cewa ai a Indiya kotu ta ɗaure wa majalisa hannu, kundin ba ya taɓuwa. Ba haka zancen yake ba. Indiya ta yi wa kundinta gyara fiye da sau 100, kuma mafi yawansu sun zo ne bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1973 da masu wannan magana suke kafa hujja da shi.

Wani shugaban gidan ibadar Hindu a jihar Kerala, Kesavananda Bharati, shi ya shigar da ƙara saboda dokar rabon filaye ta taɓa gonakin gidan ibadarsa. A ranar 24 ga Afrilun 1973 alƙalai 13 na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci, 7 suka rinjayi 6. Sun ce sashe na 368 ya ba majalisa damar gyara kowane sashe, har da na haƙƙin ɗan ƙasa, amma ban da rusa ginshiƙan kundin. Kamar mai gida ne: ya sake rufi, ya ƙara ɗaki, amma kada ya tone harsashin ginin ya ce gyara yake yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, babu wani sashe da ya jera waɗannan ginshiƙai. Alƙalan sun ambaci fifikon tsarin mulki, dimokuraɗiyya, tarayya, raba iko da rashin addinin gwamnati, sauran kuwa sai shari'a ta taso ake tantancewa. Masu suka na tambaya: wa ya zaɓi alƙali har zai soke abin da kashi biyu bisa uku na wakilan jama'a suka amince da shi? Tambayar tana da nauyi. A 2015 kotun ta soke gyara na 99, wanda ya sauya yadda ake naɗa alƙalai, wato ta yi hukunci kan abin da ya shafe ta kai-tsaye, kuma wannan bai kwanta mini ba.

Sai dai a duba 1975. Babbar kotun Allahabad ta soke zaɓen Firaminista Indira Gandhi, nan da nan majalisa ta yi gyara na 39 da ya hana kotu duba zaɓen firaminista. Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da kujerarta, amma ta yi watsi da wannan sakin layi. A 1976 aka sake gyara, aka rubuta cewa ikon majalisa na gyara kundin ba shi da iyaka, a 1980 kotu ta soke shi ma. Ni dai a nan ina bayan alƙalai, domin mai rinjaye a majalisa bai kamata ya rubuta wa kansa dokar da za ta fitar da shi daga hannun shari'a ba.

A Nijar kuwa, saɓanin Indiya, kundin 1999 ya rubuta ƙarara cewa ba a taɓa wa'adin shugaban ƙasa. Da kotun tsarin mulki ta ƙi amincewa da ƙuri'ar tazarce a 2009, shugaban ƙasa Tandja Mamadou rusa kotun ya yi, sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010.