Waiwaye: Zoben da Ya Kewaye Milwaukee da Ƙuri'un da Suka Ƙi Sauya Sheƙa

Duk daren zaɓe a Amurka, idan lissafi ya zo kan jihar Wisconsin, idon masu sharhi kan koma kan gundumomi uku da ke gefen birnin Milwaukee: Waukesha, Ozaukee da Washington. Rabon da ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Democrat ya ci ko ɗaya daga cikinsu tun 1964. A jihar da tazarar zaɓen 2016 da 2020 da 2024 ba ta kai ƙuri'a dubu 30 ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa muhawara ba ta ƙarewa. Wasu na cewa addini ne ke sa mutanen wurin zaɓar masu ra'ayin riƙau, wasu su ce launin fata, wasu kuma su ɗora laifin kan gidajen rediyo. Kowa da ƙamshin gaskiyarsa, amma yawancin masu magana suna fara labarin ne daga tsakiya.

Sai mai karatu ya ɗan gyara tunani tukuna. A wurinmu idan an ce bayan gari, abin da ke zuwa zuciya shi ne inda mai ƙaramin ƙarfi ya samu fili mai araha. A yawancin biranen arewacin Amurka abin a juye yake: mai hali ne ke fita bayan gari, talaka ya zauna a ciki.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an ja shi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo, dokar 1944 ta sauƙaƙa musu bashin sayen gida, mota ta yawaita, dokar manyan tituna ta 1956 ta sa mutum na iya kwana a karkara ya yi sammakon aiki a birni. Baƙaƙen fata kuwa, da suka taso daga kudu neman aikin masana'antu, sun tarar da takardun filaye da yawa ɗauke da sharaɗin kada a sayar musu, bashin ma ba ya isa unguwanninsu. Wannan ya faru a kusan kowane babban birni. Abin da ba a cika ambata ba shi ne abin da ya faru a 1955.

Kafin wannan shekara, Milwaukee birni ne da ke faɗaɗa ta hanyar haɗiye ƙauyukan da ke maƙwabtaka da shi. Yana da abin jan hankali a hannu, wato ruwan famfo daga Tafkin Michigan da magudanar ƙazanta: mai son ruwa ya shigo cikin birni, ya biya harajin birni. Magajin garin lokacin, Frank Zeidler, wanda ya yi mulki daga 1948 zuwa 1960, shi ne na uku cikin 'yan jam'iyyar Socialist da suka riƙe birnin, kuma ya yi imani cewa birnin da ba shi da filin faɗaɗa gidaje da masana'antu zai shaƙe. A zamaninsa faɗin Milwaukee ya kusa ninkawa.

Manoman kewaye ba haka suka kalli abin ba. A kudu da birnin akwai Oak Creek, yankin gonaki mai mutane kusan dubu 5 a ƙidayar 1950, inda aka gina babbar tashar wutar lantarki a bakin tafki. Harajin tashar kuɗi ne mai tsoka a wurinsu, kuma sun san birni na kwaɗayinsa. Matsalarsu ita ce doka ba ta yarda yankin karkara mai warwatsattsun gidaje ya kira kansa birni ba, wanda bai zama birni ba kuwa ana iya yankar gefensa. Sai suka nufi majalisar jiha da daftarin doka, aka amince da shi a 1955. Dokar ta ce duk yankin da ke manne da birni mai daraja ta ɗaya, idan mutanensa sun haura 5,000 kuma darajar kadarorinsa ta haura dala miliyan 20, yana iya zama birni mai cin gashin kansa ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Birni mai daraja ta ɗaya a duk jihar guda ɗaya ne, Milwaukee. Har yau ana kiran dokar da sunan Oak Creek.

Kafin shekarar ta ƙare Oak Creek ta zama birni. Franklin ta biyo baya a 1956, Greenfield da Mequon a 1957, New Berlin a 1959, wasu ta wannan ƙofa, wasu ta wata. Brookfield ma ta riga su tun 1954. Mequon, da ke gundumar Ozaukee, ta wayi gari tana birni mai kusan rabin faɗin Milwaukee alhali mutanenta ba su kai dubu 10 ba, shanu na kiwo a cikin "birnin". 'Yan Milwaukee suka riƙa kiran abin da ya kewaye su zoben ƙarfe. Ganuwa ce, sai dai na waje ne suka gina ta. Kuma a yi musu adalci: yawancin waɗanda suka kaɗa wannan ƙuri'a ba siyasar ƙasa ce a ransu ba, gona da haraji suke karewa.

To ta yaya iyakar gari ke zama ƙuri'a? A Amurka kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati da 'yan sanda da gyaran titi daga harajin gidaje yake fitowa, kuma kowane gari shi ke yanke irin ginin da za a yi a ƙasarsa. Garin da ya ce ba a gina gida sai a kan makeken fili, ya kuma taƙaita benayen haya, ya riga ya zaɓi maƙwabtansa ba tare da ya ambaci launin kowa ba. Wanda ya iya saye ya shigo, harajinsa ya tsaya a makarantar 'ya'yansa. Daga ranar, duk wata magana ta raba kuɗi da birni, ko shigo da motar haya, ko gina gidaje masu araha, sai ya ji ta kamar hannu a aljihunsa. Gidan shi ne jarinsa, shi ne fanshonsa. Jam'iyyar da ke cewa a rage haraji, a bar kowane gari da ikonsa, wato Republican, ba ta buƙatar dogon wa'azi a wurinsa. A gundumar Waukesha kusan gida uku cikin huɗu masu shi ne ke ciki, a Milwaukee kuwa ba su kai rabi ba.

Abin da ya biyo baya duk a kan wannan iyaka ya zuba. A 1967 matasa baƙaƙen fata da wani limamin Katolika, James Groppi, suka fara tattakin neman a bar kowa ya zauna inda yake so, suka yi dare 200 a jere. A 1976 kotu ta ba da umarnin a daina wariya a makarantun birnin. Duk iyalin da bai so ba, tuƙin minti ashirin ya fitar da shi daga hurumin makarantun. Da birnin ya ci gaba da faɗaɗa, da ya bi su da harajinsa da akwatin zaɓensa. Mutanen Milwaukee sun kai 741,324 a 1960, a 2020 sun koma 577,222. Gundumar Waukesha kuwa ta tashi daga kusan dubu 86 a 1950 zuwa sama da dubu 400. Baƙaƙen fata sun kusa kashi 40 cikin ɗari a birnin, a Waukesha ba su wuce kashi 2 ba.

Ba na musun sauran dalilan. Jikokin Jamusawa 'yan Katolika da 'yan Lutheran da suka cika waɗannan gundumomi mutanen coci ne, kuma sun fara barin Democrat tun zamanin yaƙe-yaƙen duniya. Amma irin waɗannan mutane sun cika cikin Milwaukee ma a da. Iyakar ce ta tace su, ta tara masu kama da juna wuri ɗaya, sannan duk sabon mai neman gida ya san gefen da zai fi jin daɗi.

Zoben ya fara tsatsa, gaskiya ne. Ɗan takarar Republican Mitt Romney ya samu kusan kashi 67 a Waukesha a 2012, Donald Trump bai wuce wajen kashi 60 ba a zaɓukansa uku, a Ozaukee ma ya sauka zuwa wajen 55, musamman saboda masu digiri da suka ja baya. Washington, wadda ta fi zama karkara, tana nan kusan biyu bisa uku.

Ruwan da aka yi ta jayayya a kansa kuwa ya sake dawowa. Rijiyoyin birnin Waukesha sun gurɓace da sinadarin radiyam, jihohi takwas da ke bakin manyan tafkuna suka amince a 2016 a ba shi ruwan Tafkin Michigan, kuma a ƙarshen 2023 ruwan ya fara isa famfunansa. Daga Milwaukee ake sayo shi, a biya kuɗi, iyaka tana inda take.